Mudun Yau da Hatsin Jiya

A hutun babbar Sallah da ya wuce, bayan an gama suyar nama kowa ya miƙe ƙafa a tsakar gida, 'yar ƙanwata da ke aji uku a jami'a ta matso kusa da ni riƙe da wayarta. Ta ce, "Kawu, ka taɓa ganin wannan?" Tsohon hoto ne baƙi da fari. Wasu Turawa mata biyu sanye da hular masu girki suna gaban bel ɗin inji, yana turo musu cakulan ɗaya bayan ɗaya, su kuma aikinsu su naɗe kowanne a takarda kafin ya wuce. Da fari abin ya tafi daidai. Can sai bel ya ƙara gudu. Suka shiga tara cakulan a gabansu, da wuri ya cika suka koma cusawa a baki, suka zuba a hula, suka tura cikin riga. Shugabar aikin ta shigo ta ga bel fes, ta yaba musu, sannan ta ƙwala wa mai injin kira ta ce ya ƙara wuta. Mahaifiyata Hajiya, wadda ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta ji, ta leƙo ta bayanmu tana dariya har da goge hawaye da gefen mayafi.

Ba mu ankara ba wayar ta zarce da kanta zuwa wani guntun hoton. Ɗaya daga cikin matan nan ce dai, amma wannan karon a falon gidanta. Mijinta ya zauna, ya jawo ta ya kifa a cinyarsa, ya shiga ɗaɗa mata duka da tafin hannu kamar yarinyar da ta fasa tulu, ana kuma jin 'yan kallo suna ta ƙyalƙyala dariya. Yarinyar ta dakatar da hoton. "Kawu, matarsa ce fa." Hajiya ta ce, "Ke kishiyata, wasa ne. Mutanen dauri ne, haka zamaninsu yake." Ita kuwa ta amsa a hankali, "Hajiya, ai a zamaninsu ma duka da zafi yake."

Tun daga ranar maganganun nan biyu suke min yawo a kai, domin su ne muhawarar da ake ta tafkawa a Amurka da Ingila game da tsofaffin wasannin barkwanci na talabijin. Shin daidai ne a ɗauko mudun yau a auna hatsin jiya? Ko kuwa wanda ya yi haka ya zalunci waɗanda ba sa nan balle su kare kansu?

Shirin da muka kalla sunansa I Love Lucy. Tashar CBS ta fara nuna shi ranar 15 ga Oktoba 1951, ya ci gaba har 1957, kashi 180, kuma a shekaru huɗu daga cikin shidan babu shirin da ya kai shi yawan masu kallo a Amurka. Labarin bai cika sauyawa ba. Lucy Ricardo matar aure ce a birnin New York, mijinta Ricky shugaban makaɗa ne a gidan rawa. Ita burinta ta fita ta yi suna a fagen wasa, shi kuma so yake ta zauna a ɗakinta. Kowane mako sai ta ƙulla wata dabara ita da maƙwabciyarta Ethel, dabarar ta kwance, ta dawo tana kuka baki buɗe, miji ya yi faɗa ya yafe. Lucille Ball ce ta fito a Lucy, mijinta na gaske Desi Arnaz ya fito a Ricky.

Masu kare shirin suna da hujja, kuma ba zan rage mata nauyi ba, don ni kaina na daɗe ina cikinsu. Abin da suke fara cewa shi ne a dubi ƙasar da aka yi wasan a cikinta. A Amurkar 1952 jaridu suna raba tallan neman ma'aikata gida biyu, na maza daban na mata daban. Dokar da ta hana a biya mace ƙasa da namiji a kan aiki iri ɗaya sai a 1963 aka yi ta. Har zuwa 1974 banki yana iya hana matar aure bashi in babu sa hannun mijinta. To idan Ricky ya zaunar da Lucy yana bin kuɗin cefane sisi da kwabo, marubutan ba su ƙirƙiro sabon zalunci ba, abin da ke cikin gidajen masu kallo suka ɗauko suka sa wa gishiri. Mai barkwanci da kayan da ya tarar a kasuwa yake miya. In ka ce lallai sai Lucy ta zama manajar banki a 1952, kana neman a yi maka ƙarya ne game da 1952.

Sannan a dubi waɗanda suka yi wasan. Shugabannin tashar ba su so a haɗa Ba'amurkiya da ɗan ƙasar Kuba, wanda Turancinsa ke fita da karin Sifaniyanci, a matsayin mata da miji ba, suna ganin jama'a ba za su karɓa ba. Ball ta kafe cewa ko da mijinta ko a fasa, har sai da su biyun suka zaga gidajen wasa a 1950 suna nuna wa mutane ido da ido cewa haɗin yana ba da dariya. Cikin marubuta uku da suka faro shirin akwai mace, Madelyn Pugh, a lokacin da da wuya ka ga mace a ɗakin rubuta barkwanci, kuma ita takan fara gwada abubuwan wahalar da za a sa Ball ta yi. Da Ball ta sami juna biyu a 1952, maimakon a ɓoye ta a bayan kujera ko a dakatar da shirin, sai aka shigar da cikin nata cikin labari. Tashar ta hana a furta kalmar ciki kai tsaye, sai da sakaya, aka kuma gayyato fada na Katolika da fasto da malamin Yahudawa suna duba rubutun. Duk da haka, daren 19 ga Janairu 1953 da aka nuna Lucy za ta asibiti haihuwa, mutum kimanin miliyan 44 suka kalla, fiye da waɗanda suka kalli rantsar da shugaba Eisenhower washegari. Bayan aurensu ya mutu a 1960, Ball ta sayi hannun jarin Arnaz a kamfaninsu Desilu a 1962, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirye-shiryen talabijin a Amurka. A ƙarƙashinta kamfanin ya fitar da Star Trek. Masu karewa sukan tambaya: wannan ce matar da za a tuhuma da danne mata?

Amma hujjar da ta fi kama ni ita ce ta yadda barkwanci yake aiki, domin wannan mun san shi a gida. A fadojin ƙasar Hausa akwai wasan gauta, inda matan cikin gidan sarki suke yin shigar sarki da hakimai, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da halayensu. Wasa ya ƙare, kowa ya koma matsayinsa, sarki yana nan sarki. Wanda ya ce tunda an koma gidan jiya ai wasan bai faɗi komai ba, bai fahimci wasan gauta ba. An riga an faɗa, an kuma ji. Haka 'yan mata masu tashe da azumi, ɗaya ta sa babbar riga da hula ta zama Daudu tana hura hanci, ɗaya ta zama Mairama. A fili darasin ladabi ga miji ake koyarwa, amma duk wanda ya taɓa tsayawa kallo ya san inda dariyar take, tana wajen yarinyar da ke kwaikwayon isar maigida. Lucy ma haka. Kusan duk rabin awar tana tawaye, sai 'yan mintocin ƙarshe take tuba. Da wanne mai kallo yake tafiya? Bayan shekara 70 babu wanda yake tura wa abokinsa guntun da Ricky ke yi mata wa'azi. Na cakulan ake turawa. Kuma a wannan kashin, wanda aka nuna a Satumba 1952, ba matan kaɗai suka kunyata ba. Musayar aiki aka yi, mata su fita nema, maza su riƙe gida. Ricky ya auna shinkafa laba ɗaya ga kowane mutum, laba 4 a tukunya, ta kumbura ta yi ambaliya ta malale kicin har suna zamewa a cikinta. Kaji suka yi tsalle daga tukunya mai murfin matsi suka nufi silin. An ƙona riga da dutsen guga, an sa wa safar mata sitaci ta sandare. Matar da ta kalli wannan a 1952 ta ga an nuna wa duniya cewa aikin da take yi kullum ba ko kwabo, aiki ne mai buƙatar sani.

Daga ƙarshe sukan tuna mana cewa laifi tudu ne. Jikokinmu za su kalli abin da muke dariya a kai yau su riƙe baki, don haka mu yi wa na baya sassaucin da muke fatan a yi mana.

Duk wannan na yarda da shi. Inda na rabu da su shi ne kalma ɗaya da Hajiya ta yi amfani da ita, wato "zamaninsu". In muka ce haka zamanin yake, muna magana kamar a 1952 mutanen Amurka duk bakinsu ɗaya. Alhali a farkon shekarun 1950 kusan mace ɗaya cikin uku tana aikin albashi ko tana nemansa, da yawa kuma sun riƙe masana'antun jirage da makamai lokacin yaƙin duniya na biyu, aikin da ya fi naɗe cakulan wuya nesa ba kusa ba. Waɗannan matan suna cikin masu kallon Lucy tana kasa yini ɗaya a wurin aiki. Tun 1949 Gertrude Berg take rubuta shirinta na talabijin The Goldbergs da hannunta, take fitowa a ciki, take kuma jagorantarsa. A 1952 Eve Arden ta fara fitowa a talabijin a Our Miss Brooks, a tashar CBS ɗin dai, a matsayin malamar makaranta mai ci da kanta, mai kaifin harshe. Ke nan ko a kasuwar lokacin akwai wasu kayan miyan. Zaɓi aka yi, kuma cikin masu zaɓin akwai kamfanonin da ke biyan kuɗin talla, waɗanda matar da ke zaune a gida tana sayen sabulu da firji ta fi yi musu rana.

Ba a kuma jira jikoki ba kafin a yi ƙorafi. A 1963 Betty Friedan ta fitar da littafinta a kan ƙuncin matan aure na Amurka, a 1964 ta rubuta a mujallar TV Guide tana sukar yadda talabijin ke nuna mace a matsayin sakarya mai bautar gida. A wannan shekarar aka fara Bewitched, labarin mace mai sihiri da mijinta ya hana ta amfani da baiwarta. A 1965 aka fara I Dream of Jeannie, aljana a kwalba tana kiran ɗan sama jannati ubangidanta. Matan da suka ƙosa da irin wannan su suka yi ta magana, har a 1970 aka wayi gari da The Mary Tyler Moore Show, inda mace 'yar shekara 30 ba aure take aiki a ɗakin labarai, ba a kuma mai da rashin aurenta abin tausayi ba. Abin da nake nufi shi ne, mudun da muke kira na yau ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen jiya ne suka sassaƙa shi, waɗanda dariyar ba ta yi musu daɗi ba tun a lokacin. In 'yar ƙanwata ta ɓata rai, ba baƙon ma'auni ta shigo da shi ba, ɓangare ta ɗauka a gardamar da mutanen wancan lokacin suke yi a tsakaninsu. Wanda ya ce mata ta yi shiru don girmama zamanin, shi ma ɓangare ya ɗauka, na waɗanda muryarsu ta fi tashi.

Akwai wani abu game da dariyar da ake ji a cikin hoton. A gaban 'yan kallo kimanin 300 ake ɗaukar shirin, dariyarsu ta gaske ce. Sai dai makirufo dariya kawai yake ɗauka. In akwai wata mata a layi na biyar da ta sunkuyar da kai lokacin da aka kifa Lucy a cinya, don ta san abin a gidanta, babu na'urar da ta ɗauki shirunta. Mu da muke saurare bayan shekara 70 sai mu ɗauka kowa ya yi dariya.

Sai batun "wasa ne". Bahaushe ya san wasa ba fanko ba ne, shi ya sa yake cewa da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. In wasa yana iya ɗaukar gaskiya ya kai ta inda faɗa ba zai kai ba, to ƙarya ma yana iya ɗauka. Ba zai yiwu mu yaba wa shinkafar Ricky da cewa ta isar da saƙo, sannan in an zo kan duka mu ce ai wasa ba ya isar da komai ba. Dubi kashin da aka nuna a 1953, inda Lucy da Ethel suka nemi a daidaita su da maza. Mazan suka amsa, suka kai su gidan abinci, suka ce kowa ya biya nasa, matan da ba su da ko sisi suka ƙare a wanke-wanke a bayan kicin. Sun rama daga baya, gaskiya ne, amma darasin ya riga ya zauna: mai neman daidaito ga abin da zai same ta. Babu wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa jakarsu ba kuɗi. A wannan shekarar kuma an yi kashi guda a kan kumburin ido. Littafi ne ya sami Lucy bisa kuskure, maƙwabta suka ɗauka Ricky ne ya naushe ta, aka gina rabin awa na dariya a kan wannan zaton. A wani shirin na lokacin, The Honeymooners na 1955, direban bas Ralph Kramden yakan dunƙule hannu a gaban fuskar matarsa Alice yana cewa wata rana zai aika ta duniyar wata. Masu karewa suna cewa bai taɓa dukanta ba, ita kuma ko gezau ba ta yi, tana tsaye ƙyam tana kallonsa, kuma kusan kullum ita ke da gaskiya. Haka ne. Amma yaron da ya tashi yana ganin dunƙulen hannu a fuskar mace abin dariya ne duk mako, an rage masa wani abu daga firgitar da ya kamata ya ji ranar da ya ga irinsa a gidan maƙwabta. Kada a manta, gidajen fakewa na matan da ake duka sai a shekarun 1970 suka fara yaɗuwa a Amurka. Matar da ake dunƙule wa hannu da gaske a 1955 ba ta da inda za ta nufa sai gidan iyayenta, in suna so su karɓe ta.

Har wasan da aka shirya da niyyar gyara bai tsira ba. All in the Family na 1971 an gina shi ne don a yi wa Archie Bunker dariya, mutum mai raina mata da baƙaƙen fata, mai daka wa matarsa Edith tsawa ta rufe baki. A 1974 masana biyu, Neil Vidmar da Milton Rokeach, suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa masu kallo a Amurka da Kanada. Sun tarar waɗanda ra'ayinsu ya yi kusa da na Archie sun fi ganinsa a matsayin mai faɗin gaskiya abin yabo. Niyyar marubuci ba ta bin wasa zuwa falon mutane. Kowane ɓangare yana da rabo a binciken nan. Matar da ke neman tawaye za ta same shi a wurin Lucy, mijin da ke neman hujja zai same ta a wurin Ricky.

Labarin nasarar Lucille Ball kuwa, wanda a baya ya fi burge ni, yanzu yana sa ni baƙin ciki. Matar da ta iya tafiyar da kamfanin da aka sayar dala miliyan 17 a 1967, ƙofar da ta samu ta shiga gidajen mutane ita ce ta fito a matsayin wadda ba a iya ba ta ajiyar littafin cek. Ta fi kowa gwaninta a dandalin, amma labarin kullum cewa yake ba ta da baiwa, mijin ne mai baiwa. Miliyoyin masu kallo ba su ga ofishinta ba. Abin da aka shigar musu ɗaki shi suka gani.

To ina na tsaya? Ina ganin kalmar hukunci ce take rikita mu, don abu biyu take ɗauke da su. Akwai hukunta mutane, akwai auna aiki. Ba ni da hurumin in ce Pugh ko Ball ko Arnaz mugaye ne. Sun yi aiki a cikin katangar da suka tarar, sun kuma ture ta a wuraren da wasu ba su yi ƙarfin halin taɓawa ba. A nan ina tare da Hajiya. Amma wasan kansa bai mutu ba balle a ce a rufa masa asiri irin na mamaci. Arnaz da Ball sun dage a ɗauki shirin a fim mai inganci da kyamara uku, maimakon a watsa shi kai tsaye kamar yawancin shirye-shiryen lokacin, har suka yarda a rage musu albashi don fim ɗin ya zama nasu. Dalilin ke nan da ya sa yake nan garau har ya iso wayar yarinya a tsakar gida a Kano. Abin da ke neman dariyata yau, yau zan auna shi, don ba ni da wasu idanun sai waɗannan. Kafin mutum ya yi dariya kuwa sai ya yarda da wani abu, ko da na daƙiƙa ɗaya ne. A wurin cakulan abin da ake so ka yarda da shi shi ne inji ya fi hannun ɗan Adam sauri, kuma mai tsoron kora daga aiki babu abin da ba zai yi ba. Wannan duk wanda ya taɓa aiki a masana'anta ya sani, a Detroit ne ko a Bompai. A wurin duka kuwa ana so ka yarda cewa babbar mace yarinya ce a hannun mijinta, kuma tun ranar da aka ɗauki hoton akwai waɗanda ba su yarda ba.

Abin da ba na goyon baya shi ne a kwashe irin waɗannan a kulle. A 2020 wani kamfanin talabijin na Ingila ya cire kashi ɗaya na Fawlty Towers saboda kalaman wariyar launin fata, aka yi masa ca, ya mai da shi tare da gargaɗi a farkonsa, kuma ina ganin matakin na biyu ya fi. In an goge guntun dukan, an goge shaida. Yarinyar da ba ta taɓa jin ɗaki cike da mutane masu mutunci suna dariya a kan wannan ba, ba za ta gane nisan tafiyar da aka yi ba, ba kuma za ta koyi zargin dariyar ɗakin da ita take zaune a ciki ba. Su ma masu ɗaukar mudun yau suna da nasu laifin in suka tsaya a ƙirga aibobi, suka kasa ganin abin da Ball take yi da fuskarta da jikinta, ko suka ɗauka fushi da mamata ya wadatar. Ai wannan fushin ba ya cin kowa komai.

Mu ma a nan muna da namu tsofaffin. Waɗanda suka taso a shekarun 1970 da 1980 sun san yadda yaran unguwa ke cika gidan mai talabijin in za a fara Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, ko wasannin marigayi Kasimu Yero daga Kaduna, ko Zebrudaya da matarsa Ovularia a daren da tashar ƙasa ta haɗa kowa. Mukan ce wasan dauri ya fi tarbiyya, kuma ina cikin masu kewarsa. Sai dai yawancinmu daga abin da muka tuna muke yabon, ita kuwa ƙwaƙwalwa tana da rariya. Amurkawa suna iya gardama a kan Lucy ne don kashi 180 ɗin suna nan, kowa zai iya zama ya duba. Ina fatan namu ma a tattara su a adana, a zaunar da 'ya'yanmu mata su kalla, su yi dariya inda ta zo musu, inda ba ta zo ba mu ji dalili. Za su sami abin so da yawa. Zan kuma yi mamaki in ba su ci karo da wata uwargida ko bazawara ko 'yar talla ba, su juyo su tambaye mu me ya ba mu dariya a kanta.

A daren nan, bayan an kwashe kwanuka, Hajiya ta daɗe shiru tana jan carbi. Can sai ta ce wa jikarta, ba tare da kowa ya tambaye ta ba, lokacin tana amarya akwai wata mata a gidan da ke jikin nasu, katanga ɗaya ta raba su, wadda ake jin kukanta kusan duk ranar kasuwa in mijin ya dawo. Da safe in ta fito ɗiban ruwa matan unguwa sukan tsokane ta, su tambaye ta ko jiya ma ƙofa ce ta buge ta, a yi dariya, ita ma ta yi. "Ni ma na yi," in ji Hajiya. Ta faɗi sunan matar, ta yi mata addu'a, muka shafa. Sannan ta miƙa hannu wajen wayar ta ce, "Kishiyata, mai do min na masu alewar nan in ƙara gani."